Muhawara: Kifin Zebra da Yadda Tsoka ke Samuwa, ta kuma Girma, a Jikin Dabba

Ɗalibar Kimiyyar Halittu:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina haɗa rubutun kammala karatuna a kan yadda tsokar da ke manne da ƙashi take samuwa tun daga ɗan tayi har dabba ta girma, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bincike mai yawa da na ci karo da shi a kan wani ɗan ƙaramin kifi aka yi shi, wato kifin zebra, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 4 ko 5 ba. Me ya sa masana suka bar manyan dabbobi suka koma kan wannan ɗan kifi? Shin abin da aka gani a jikinsa ya shafi saniya da kaza da mutum, ko kuwa shi kaɗai ya shafa?

Malamin Ilimin Tayi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Asalin wannan kifi daga Kudancin Asiya yake, a ƙoramu da fadamun shinkafa na Indiya da Bangaladash da Nefal, kuma Francis Hamilton ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1822. Wanda ya shigar da shi ɗakin bincike gadan-gadan shi ne George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka, wanda aikinsa na 1981 ya nuna cewa za a iya nazarin gado da shi. Dalilin zaɓensa a fili yake: ƙwansa a waje yake haɗuwa da maniyyi, ɗan tayin kuma garau yake, ana hango abin da ke cikinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba tare da an yanka uwa ko an fasa ƙwai ba, sannan komai nasa da sauri yake tafiya.

A ruwa mai ɗumin digiri 28.5 na ma'aunin Selsiyus, bayan kamar awa 10 da rabi da haɗuwar ƙwai da maniyyi, naman da ke gefe biyu na sandar baya ta farko, wadda ake kira notokod, yana fara yankewa gunduwa-gunduwa daga wajen kai zuwa wutsiya, kamar yadda magini yake jera tubali ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan gunduwoyi su ne somayit. Kusan kowane rabin awa sabon tagwai yana fitowa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har su kai 30 da 'yan kai, kuma kafin awa 24 ta cika an gama. Tun wajen awa 17 ɗan tayin yake fara murɗa jikinsa a cikin ƙwai, wanda ke nuna cewa zaruruwan tsoka na farko, wato dogayen ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama tsoka, sun riga sun fara aiki. Daga cikin somayit ne tsokar gangar jiki da ƙasusuwan baya suke fitowa a duk dabbar da ke da ƙashin baya. Bambancin yana wajen sauri da adadi: a ɗan tayin kaza minti 90 ne tsakanin tagwai da tagwai, a ɓera kamar awa 2, a mutum kuwa wajen awa 5, kuma mutum yana yin tagwai 42 zuwa 44, maciji kuwa yana iya haura 300.

Mai Kiwon Tarwada:
Allah ya gafarta Malam, ni ba ɗan boko ba ne sosai, kiwon kifi ne sana'ata, amma ina da tambaya a kan abin da nake gani kullum idan muna gyaran kifi domin banda. Idan aka datse kifi biyu aka dubi bakin yankan, yawancin naman fari ne, sai dai a ƙarƙashin fata, daidai layin da ya ratsa gefen kifin, akwai wani siririn nama mai duhu wanda ya ɗan kutsa ciki. Haka nan idan kifi ya dahu naman yana ɓarewa falle-falle a lanƙwashe. Shin wannan yana da alaƙa da abin da Malam yake bayani?

Malamin Ilimin Tayi:
Ƙwarai kuwa, Alhaji, abin da ka gani da wuƙa shi ne masana suka bi sawunsa da madubi. Fallayen nan da suke ɓarewa su ne somayit ɗin da suka girma. Kifi bai sauya musu tsari ba, shi ya sa har ya tsufa ake ganinsu a jere. Naman mai duhu kuwa tsoka ce mai jinkirin motsi, mai yawan jini da kitse, wadda ba ta saurin gajiya, kuma da ita kifi yake iyonsa na yau da kullum. Farin naman tsoka ce mai saurin motsi, wadda yake amfani da ita wajen zabura ya gudu ko ya cafki abinci, kuma nan da nan take gajiya.

Yadda wannan nama mai duhu, wato jar tsoka, ya samu kansa a waje yana cikin abubuwan da kifin zebra ya bayyana mana. A 1996 Stephen Devoto da abokan aikinsa a Oregon suka sa wa ƙwayoyin halitta alama ɗaya-ɗaya, suka tarar cewa waɗanda za su zama jar tsoka ba a waje suke farawa ba. A can ciki suke, manne da notokod, inda wani furotin mai suna Hedgehog da notokod ɗin yake fitarwa yake isa gare su ya sa su ɗauki hanyar zama tsoka mai jinkiri. Daga nan sai su miƙe su yi tsawo, su ratsa somayit ɗin gaba ɗayansa har su fito bayansa, su shimfiɗu a ƙarƙashin fata. Kaɗan daga cikinsu suna tsayawa a tsakiya, inda shamakin da ya raba tsokar sama da ta ƙasa yake samuwa. Idan saƙon Hedgehog ya lalace, kamar yadda aka gani a wasu kifayen da aka samu a babban gwajin neman kifaye masu naƙasar gado da Christiane Nüsslein-Volhard ta jagoranta a Tübingen ta Jamus, wanda aka wallafa a wannan shekarar ta 1996, jar tsoka tana ragu sosai ko ta ɓace, kuma somayit ɗin yana fitowa da siffar U maimakon V.

Likitar Dabbobi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so ɗalibarmu ta lura cewa a saniya ko akuya ba haka tsarin yake ba. A jikinsu zaruruwa masu jinkiri da masu sauri a cakuɗe suke cikin tsoka ɗaya, ba a ware suke ba kamar na kifi, kuma jijiyar da ke ba zare umarni tana da hannu sosai wajen ƙayyade irinsa. Abin da ya haɗa su da kifi shi ne ƙwayoyin gadon da ke ba da izinin zama tsoka tun farko. A 1987 Robert Davis da Harold Weintraub da Andrew Lassar a Seattle suka nuna cewa ƙwayar gado guda ɗaya, MyoD, idan aka kunna ta a cikin ƙwayar halittar da ba ta tsoka ba, tana iya mayar da ita ta tsoka. Daga baya aka gane cewa su huɗu ne 'yan gida ɗaya: MyoD da Myf5 da myogenin da MRF4. Ɓeran da aka lalata masa MyoD da Myf5 a tare a gwajin 1993 an haife shi babu tsokar ƙashi, kuma dukkan huɗun suna nan a kifin zebra suna aiki makamancin wannan.

Haka tsokar hannu da ƙafa. Ta hanyar dasa naman ɗan tayin salwar Japan a cikin na kaza, dabarar da Nicole Le Douarin ta ƙirƙiro, aka tabbatar a 1977 cewa tsokar fiffike da ƙafa ba a wurin take samo asali ba, ƙwayoyinta ƙaura suke yi daga somayit. A shekarar 2000 aka nuna cewa tsokar fiffiken gaba na kifin zebra ita ma ta irin wannan ƙaura take samuwa.

Ɗalibar Kimiyyar Halittu:
Na gode, Likita. Akwai wurin da ban gane ba. Na karanta cewa zaren tsoka ɗaya yana da cibiyoyi da yawa, wato ma'ajiyar ƙwayoyin gado, alhali sauran ƙwayoyin halitta cibiya ɗaya gare su. Ta yaya hakan take faruwa?

Malamin Ilimin Tayi:
Ta hanyar haɗewa. Ƙananan ƙwayoyin da za su zama tsoka suna jeruwa, fatunsu su narke a inda suka taɓa juna, su zama dogon zare guda mai cibiyoyi da yawa. An daɗe ana ganin hakan ba a san abin da ke buɗe fatun ba, sai a 2013 Douglas Millay, a ɗakin binciken Eric Olson da ke Dallas, ya gano furotin ɗin Myomaker, sannan a 2017 aka gano abokin aikinsa, Myomerger. Ɓeran da ba shi da Myomaker yana mutuwa da haihuwa. Kifin zebra da ba shi da shi kuwa yana iya rayuwa har ya balaga, amma zaruruwan farar tsokarsa cibiya ɗaya-ɗaya gare su, kuma yana tasowa ƙarami, marar ƙarfin iyo. Ki kuma rubuta cewa a ɗan tayin wannan kifi zaruruwan jar tsoka na farko ba sa haɗewa tun asali, farar ce take haɗewa.

Mai Binciken Kiwon Kifi:
Na bi bayanan nan tun daga farko, kuma ba ni da ja a kan samuwar tsoka. Amma tambayar ɗalibar kashi biyu ce, samuwa da girma, kuma a kashi na biyu ina ganin an ba kifin zebra matsayin da bai kai ba. Tsoka tana girma ta hanya biyu: ko dai zaruruwan da ke nan su yi kauri da tsawo, ko kuma a ƙara sababbin zaruruwa. A dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye, adadin zaruruwa yana tsayawa kafin haihuwa ko ƙyanƙyasa, ko jim kaɗan bayansu, duk girman da ya biyo baya na kauri ne. Manyan kifaye irin su salmon da trawut kuwa suna ci gaba da ƙera sababbin zaruruwa a tsakanin tsofaffi har sai sun yi girma sosai, kuma wannan ne ya ba su damar kai girman da suke kaiwa, domin zare ɗaya yana da iyakar kaurin da iskar oksijin za ta iya ratsa shi. Wanda ya taɓa ganin giwan ruwa da aka fito da shi a gasar Argungu ya san girman da nake nufi.

Kifin zebra ba ya cikin wannan sahu. Yana kai 'yan santimitocinsa ya kusa tsayawa, kuma ƙarin sababbin zaruruwa a jikinsa bayan ƙuruciya kaɗan ne. Peggy Biga da Frederick Goetz sun kwatanta shi a 2006 da ɗan'uwansa babban daniyo, wanda yake ninka shi tsawo, suka nuna cewa babban yana ci gaba da ƙara zaruruwa a lokacin da ƙaramin ya riga ya lafa. Don haka wanda yake son sanin yadda tarwada ko karfasa za ta yi nama, idan ya dogara da kifin zebra kaɗai, zai samu amsar da ba ta dace da kifinsa ba.

Malamin Ilimin Tayi:
Ɗan'uwa, na yarda da adadin, ban yarda da hukuncin ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga ina sababbin zaruruwan suke fitowa, kuma a kifin zebra aka fi ganin amsarta ƙarara. A 2007 ƙungiyoyi biyu, ta Peter Currie a Ostareliya da ta Devoto a Amurka, suka nuna cewa ƙwayoyin da ke ɓangaren gaba na somayit suna zagayowa su koma bayansa, su zama wani siririn shimfiɗi a kan jar tsoka, suna ɗauke da wasu furotin biyu masu suna Pax3 da Pax7, ba su zama tsoka nan take ba. Su ne ajiyar da ake ɗiba daga baya domin ƙara zaruruwa a gefunan tsoka. Kafin wannan lokaci, masana da yawa suna ganin kifi ba shi da irin shimfiɗin da aka sani a ɗan tayin kaza, sai ga shi yana da shi. An kuma ga makamancinsa a trawut da wasu manyan kifaye. Ashe ke nan tushen ɗaya ne, tsawon lokacin da ake ɗiba daga ajiyar ne ya bambanta.

Mai Binciken Kiwon Kifi:
To ai wannan tsawon lokacin shi ne duk abin da mai kiwo yake biyan kuɗin abinci dominsa, Malam. Abin da yake sa wani kifi ya rufe ajiyarsa da wuri, wani kuma ya bar ta a buɗe shekara da shekaru, ba za a gano shi a kifin da ya rufe tasa kaɗai ba, dole sai an haɗa da wanda bai rufe ba. Amma zan ba ka gaskiya a wuri ɗaya. Ian Johnston na Jami'ar St Andrews a Sikotilan ya nuna a salmon cewa ɗumin ruwan da ƙwai ya kwana a ciki yana sauya adadin zaruruwan da kifin zai ƙare da su idan ya girma, kuma da shi da abokan aikinsa suka gwada a kifin zebra sun samu irin wannan tasiri, a cikin watanni maimakon shekaru.

Mai Kiwon Tarwada:
Wannan maganar ta ɗumin ruwa ta shafe ni kai tsaye. Mu masu ƙyanƙyasa mun san cewa a lokacin hunturu ƙwai yana jinkirin fashewa, 'ya'yan kuma ba sa tasowa da kuzari, shi ya sa wasu suke ɗumama ruwa. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne cewa abin da ya samu ƙwai a kwanakin farko zai iya bin kifin har ranar da za a ɗora shi a sikeli.

Likitar Dabbobi:
Alhaji, a dabbobin gida ma haka abin yake, har ya fi tsanani, tunda su ba su da damar ƙara zaruruwa daga baya. A saniya, wadda cikinta wata 9 ne, mafi yawan zaruruwan ɗan maraƙi suna samuwa ne a tsakiyar ciki, kuma kafin wata na 7 an kusa rufe lissafi. Gwaje-gwaje a tumaki da shanu sun nuna cewa idan uwa ta sha yunwa a wannan tsakani, ɗan yana zuwa da ƙarancin zaruruwa. Ku dubi saniyar da tsakiyar cikinta ya faɗo a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, kuna iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ƙashin ƙugunta ya fito tsuru. Maraƙin da ta haifa za a iya ɗura masa dusa da harawa da ƙuli daga baya, zaruruwansa su yi kauri, ya tara kitse, amma adadinsu ba zai ƙaru ba. A ganina mai kiwo da ya tanadi abinci domin uwa mai ciki ya fi wanda ya ajiye komai sai lokacin turke dabara.

Mai Gashin Ƙashi na Asibiti:
Ina neman izinin shiga daga ɓangaren mutane. Likita ta ce adadi ba ya ƙaruwa bayan haihuwa, kuma haka ne a dunƙule, amma kada a ɗauka tsokar babba ba ta sabuntuwa. A 1961 Alexander Mauro ya hango wasu ƙananan ƙwayoyi a tsokar kwaɗo, kwance tsakanin fatar zare da rigar da ta lulluɓe shi. Suna nan shiru har sai tsoka ta ji rauni ko an matsa mata da aiki, sannan su farka su rarrabu, wasu su haɗe da zaren su gyara shi, wasu su koma su kwanta. Pax7 ɗin da Malam ya ambata shi ne alamarsu. A ɗan kifin zebra ana iya yi wa tsoka ɗan rauni da allura a zauna ana kallon gyaran yana gudana a jikin mai rai, kuma ta haka ƙungiyar Currie a Jami'ar Monash ta nuna a 2021 cewa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suna zuwa su rungumi waɗannan ƙwayoyin ajiya, su ba su saƙon da zai sa su rarrabu.

Akwai kuma ciwon shanyewar tsoka na Duchenne, wanda yake kama yara maza saboda rashin furotin ɗin distirofin da aka gano a 1987. Akwai kifin zebra mai irin wannan naƙasa, ana kiransa sapje, wanda zaruruwansa suke ɓallewa daga inda suka kama, kuma ana zuba 'ya'yansa a ƙananan ramukan faranti a gwada magunguna masu yawa a lokaci guda. Wannan ba ya nufin maganin da ya yi wa kifi aiki zai yi wa yaro, tacewar farko ce kawai kafin a je ga ɓera da mutum.

Mai Kiwon Tarwada:
To malamai, tunda an san abin da ke kunna tsoka, babu wani abu da ke taka mata burki wanda za a cire, kifi ya yi ta nama?

Likitar Dabbobi:
Akwai, sunansa mayostatin. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins suka gano shi a 1997, kuma ɓerayen da aka cire musu shi tsokarsu ta ninka biyu ko fiye. A wannan shekarar aka gane cewa shanun Beljiyam da ake kira Belgian Blue, masu tsoka curi-curi, lalacewar wannan ƙwayar gado ce ta mayar da su haka. An same ta a tumakin Texel, da karnukan tsere na whippet, har da wani yaro a Jamus da aka ba da rahotonsa a 2004. Sai dai da sauran rina a kaba: maruƙan Belgian Blue suna yin girman da uwa ba ta iya haifarsu da kanta, mafi yawansu sai an yi mata tiyata. Irin wannan saniya ba ta makiyayin da ke tafiya da garkensa nesa da likita ba ce.

Mai Binciken Kiwon Kifi:
A kifi matsalar haihuwa ba ta taso ba, tunda ƙwai yake zubawa, shi ya sa aka fi saurin gwadawa a can. A Jami'ar Auburn ta Amurka an lalata mayostatin a tarwadar Amurka da dabarar gyaran ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR, rahoton 2017 ya nuna ƙarin nauyi na kusan kashi 30 cikin 100 a ƙananan kifayen, amma wannan jinsi daban yake da tarwadarmu. A Japan kuma, tun 2021 aka fara sayar da wani jan kifin teku mai suna madai da aka yi wa irin wannan gyara, aikin masana na Jami'o'in Kyoto da Kindai. Abin lura ga ɗalibarmu shi ne kifaye da yawa, har da zebra, kwafi biyu na wannan ƙwayar gado gare su saboda ninkuwar kundin gado da ta faru a kakanninsu, kuma tana aiki a gaɓoɓi da dama ba a tsoka kaɗai ba, don haka sakamakon ɓera ba ya sauka a kan kifi kai tsaye. Alhaji kuwa, kafin a kai ga wannan, ingancin iyayen kifi da ɗumin ruwan ƙyanƙyasa da abincin makonnin farko suna hannunka yau.

Ɗalibar Kimiyyar Halittu:
Allah ya saka da alheri. Idan ina so in gwada da kaina ko tarwada tana ƙara sababbin zaruruwa a wani mataki na girmanta, ba tare da kayan aiki masu tsada ba, ta ina zan fara?

Mai Binciken Kiwon Kifi:
Ki samo kifaye masu girma daban-daban daga ƙyanƙyasa ɗaya, ki auna tsawo da nauyin kowanne, ki yanki farar tsoka a gicciye daga wuri ɗaya a jikin kowane kifi, misali daidai farkon fiffiken baya, domin kaurin zare yana bambanta daga kai zuwa wutsiya. Sashen nazarin nama na makarantarku zai iya yi miki siraran yanka a rina su da hematoksilin da iyosin. A ƙarƙashin madubi za ki auna faɗin zaruruwa masu yawa a kowane yanka. Ma'aunin da Weatherley da Gill suka yi amfani da shi a Kanada shi ne zaren da faɗinsa bai kai maikuromita 20 ba sabo ne (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya), don haka idan kika ga ƙananan zaruruwa sun kewaye manya, kifin yana kan ƙarawa, idan kuma duk sun zama manya masu kusan kauri ɗaya, ya daina. Ki tabbata yankan a gicciye yake sosai, domin wanda ya karkace yana nuna zare ya fi ainihin kaurinsa.